Lu'ulu'un da Tuyen Ta Bari

A ginin namu kowa da abin da yake faɗa a kan Kawu Lanting. Masu shara sun ce idan ya dubi ƙasan lif, na'urar hawa bene, da safe, yana iya gaya maka wanda ya fito gida da fushi. Dakta Selvam na ɗakin gwajinmu ya ce ƙarya ce, tsoho ne kawai da ya rasa aikin yi sai kallon takalman mutane. Mai sayar da kofi a ƙasa ta rantse shekara ashirin ya yi a dazukan Sarawak yana bin sawun masu harbin namun daji a ɓoye, har ɗan ƙanwarsa ya taɓa miƙa wa hukuma. Shi dai bai taɓa cewa haka ne ko ba haka ba ne. Kullum yakan tsallako gada daga Johor a kan babur, ya sa rigar gadi, ya zauna bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.

Ni ce Rokiah. Shekarata ashirin da shida ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin Farfesa Teoh, a hawa na biyar, kuma ni na fara jin kukan Thazin, wata ma'aikaciyarmu, a safiyar wannan Litinin.

Na tarar da ita a ɗakin sanyi, tsaye gaban madubin ƙara girma. Farantin Tuyen na kan tebur. Faranti ne mai ramuka ashirin da huɗu, kowane rami da murfin gilashi, ɗigon ruwa na rataye a jikinsa. An buɗe rami na sha bakwai. Ɗigon ya bushe, ya bar farin tabo.

"Anti, babu shi," in ji ta. "Ya tafi."

Tuyen 'yar Biyetnam ce, shekara huɗu tana karatun digirinta na uku a wurinmu. Wata rana gab da Sallah ta same ni ina saƙa ganyen kwakwa na dafa ketupat, shinkafar da ake dafawa a cikin jakar ganye, ta zauna ta karɓi ɗaya. Ta ce zaren gado da ke jikin mutum igiya ce mai tufka biyu, an jera ta da haruffa huɗu. Amma idan aka yanko gajeren guntu mai harafin G da yawa, aka ba shi gishirin da yake so, sai ya naɗe kansa, G huɗu su kama hannun juna su yi shimfiɗa, wata shimfiɗar ta hau kan wata, kamar yadda ganye ɗaya ke zama jaka a hannuna. Nata guntun kuwa, in ji ta, ya naɗe ta inda ba a saba gani ba.

Farfesa bai yarda ba. A gaban kowa ya ce datti ne a cikin samfurinta, ta kawo masa lu'ulu'u ko ta daina ɓata wa mutane lokaci. Sai zaren ya daskare ya zama ɗan lu'ulu'u, wanda bai kai ƙwayar gishiri ba, sannan na'ura ke iya ɗaukar siffarsa yadda ba mai musu. Ta shirya faranti arba'in. Zazzabin dengi ya kama ta tana kan na arba'in da ɗaya, ta rasu a watan Afrilu. Mako biyar bayan an ƙone gawarta an kai tokar gida, Thazin, ma'aikaciyar da ke duba farantan, ta ga lu'ulu'u guda ɗaya tal a rami na sha bakwai. Aka ce a bar shi ya ƙara kwana goma ya yi ƙwari. Kwana shida ya samu.

*

Kafin azahar kowa ya yanke hukunci. Katin buɗe ƙofa na Thazin ya nuna ta shigo ran Asabar. An tsinci gashin kyanwa a kan teburin, ga shi duk ginin ita ce ke ciyar da kyanwoyin bayan wurin ajiye motoci. Wasu ɗalibai kuma suka tuna sun ji ta tana yi wa Tuyen tsawa a makonta na ƙarshe. Madam Pereira ta ofishin ma'aikata ta sa gashin a ambulan, ta ce ran Juma'a da sha biyun rana za a soke izinin aikin Thazin. Ma'anarsa ta koma ƙasarsu Myanmar da takardar kora, wadda babu ɗakin gwajin da zai gani ya ɗauke ta, ga garinsu babu zaman lafiya.

Kawu Lanting aka kira ya karɓi katinta. Ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya dubi ƙafafunta.

"Madam, ba ni zuwa Juma'ar."

"Ka yi me, Kawu? Ba daji ba ne nan."

"Ko ina mutum ya taka, ya taka."

Ta ce ya yi abin da ya ga dama, ita dai ta riga ta rubuta takarda.

*

A bakin ɗakin sanyi akwai tabarma mai danƙo da ke cire ƙurar takalmi. Shafi-shafi take, nakan ɓare na sama ran Juma'a da yamma da kuma Litinin da safe. Kawu ya ce in nemo masa na safiyar, wanda na ɓare kafin Thazin ta iso. Na tono shi daga kwandon shara, muka shimfiɗa shi a kan teburin wanke-wankena. Ya karkata fitila, ya sunkuya yana bin sa da ido, sannan ya kira ni Kak, wato Yaya, yadda ya saba.

"Kak Rokiah, zo ki gani. Wannan takalmin robar na yarinyar ne. Ta shiga, ta fito. Tsawon takunta ɗaya ne a shiga da fita. Wanda ya yi ɓarna ba ya fita da takun da ya shiga da shi."

"Wannan babban fa?"

"Ƙafa ɗaya. Ya tsaya a waje, ya miƙa ta ciki, ya ɗauki wani abu kusa da ƙofa. Ɓarawo ne, amma ƙarami."

Sai ya nuna mini wasu tabo masu santsi, ba zanen takalmi a jikinsu. Ya ce mai su ya sa ledar nan shuɗiya da ake ba baƙi su rufe takalmi. Sau uku ya shiga, sau uku ya fita. A fitar ƙarshe ya tsaya kan tabarmar da ƙafa biyu, ya daɗe har danƙon ya lotsa.

"Katin mutum nawa ya nuna ran Asabar?"

"Biyu, in ji su. Thazin da Dakta Selvam."

"Biyu," ya maimaita, ya naɗe shafin.

*

Ran Talata muka sami Dakta Selvam a ɗakin shayi. Kowa ya san binciken da ya yi shekara uku da suka wuce ya ce irin naɗin Tuyen ba zai yiwu ba, don haka wasu ma shi suke zargi a ɓoye.

"A'a, ga sarkin dawa," in ji shi. "Kawu, ka gano damisar?"

"Na gano ƙafarta ta hagu, Dakta. Lamba arba'in da huɗu."

Selvam ya dubi takalminsa, ya ajiye kofin.

"To, na shiga. Ban ma shiga ba, leƙawa na yi. Miyar kan kifi ce ta mahaifiyata. Firjin nan ya cika da abincin yaran nan, sai na ɓoye ta bayan kwalaben ɗakin sanyi. In Madam Pereira ta ji, ni za a kora kafin yarinyar. Anti, ke ma kin sani, kin sha wanke robar."

"Na sha," na ce.

"Ka ga farantin?" in ji Kawu.

"Ban duba ba. Tun da aka ce ya fito ban iya zuwa na kalle shi ba." Ya murza goshi. "Ka san abin haushin? Ina ganin gaskiyarta ce. Na sake duba lissafina bayan ta rasu. Da na so in ga wannan lu'ulu'un ya ƙaryata ni, ko na samu in yi barci."

*

Thazin ba ta da izinin hawa sama, amma ran Laraba da la'asar muka same ta a bayan wurin motoci tana zuba wa kyanwoyi abinci. Kawu ya tsuguna, wata ja ta zo tana shafa ƙafarsa.

"Ɗiyata, me kika yi a ciki ran Asabar?"

"Na duba shi, Kawu. Yana nan lafiya, gefunansa sun fito sarai. Na ce masa ya ƙara haƙuri, na rufe, na fita."

"Sun ce kin yi wa marigayiya tsawa."

"Na yi." Ta goge hancinta da bayan hannu. "Jikinta kamar garwashi, tana tsaye tana ɗiga ruwa a faranti. Na ce ta tafi asibiti, ta ce saura faranti ɗaya. Na ce mata jaka, na ce lu'ulu'un banza zai kashe ta. Maganar ƙarshe da na yi mata ke nan. Su faɗa wa duniya na yi mata tsawa, gaskiya ne."

Kawu bai lallashe ta ba. Ya shafa bayan kyanwar, ya ɗaga gashin da ya manne a tafinsa ya duba a rana, sannan ya tsinci wani dogo fari daga bakin kwanon abincin ya sa a aljihu.

*

Madam Pereira ta ba mu ambulan ran Alhamis da safe, bayan ta sa Kawu ya sa hannu a wuri biyu. A teburina ya zazzage shi kan baƙar takarda, ya ajiye wanda ya tsinto jiya a gefensa.

"Ba gashin jiki ba ne, gashin baki ne. Dubi na jiya. Kyanwa in ta zubar da shi, da saiwarsa yake faɗuwa, ga ta nan. Yana lanƙwasa ya miƙe. Wannan kuwa ya yi rawaya, ya bushe, a tsakiya ya karye. Gindinsa da kakin kyandir. Kyanwar da ta ba da wannan ta mutu tun yarinyar nan tana goye. An manna shi ne a jikin wani abu, an yi aiki da shi. Wane aiki ake yi da gashin bakin kyanwa a nan?"

Na ce bari in ɗora ruwan zafi. Na tafi wajen famfo, na dawo ba butar.

"Kak," in ji shi, "tafiyarki ta canja."

Na zauna. Shekara ashirin da wani abu ke nan, lokacin Farfesa Teoh yana da baƙin gashi kuma yana aiki da hannunsa, yana da wasu tsinkaye uku a cikin akwatin tabarau, kowanne da gashin bakin kyanwarsa a kai. Idan lu'ulu'u ɗaya ya fito, sai ya shafi gefensa da gashin, ya ja layi a cikin sababbin ɗigo. Ƙurar da ido ba ya gani takan zama iri, wasu su tsiro a kan layin. Yaran yanzu da zaren roba na kamfani suke yi, yawancinsu ba su taɓa jin labarin kyanwa ba. Akwatin ne kaɗai abin da ya hana ni wankewa.

Na gaya wa Kawu duka. Na kuma gaya masa Farfesan nan ne ya tarar da ni ina gane kwalabe da launin murfi don ban iya karatu ba, ya sa aka riƙa sakina da wuri shekara uku ina zuwa ajin manya.

"Ba a lissafa katinsa ba," na ce. "Kullum Asabar yana ofishinsa. Shekara goma sha biyar rabonsa da ɗakin sanyi, wa zai tuna da shi?"

"Shi ya sa ya sa leda kamar baƙo." Ya mayar da gashin cikin ambulan a hankali. "In ya ja layi, to a cikin wani abu ya ja. Mu je."

A ɗakin sanyi bai taɓa komai ba. Ya bi kantoci da ido, har ya tsaya a na ƙasa, inda wani ɗan maiƙo ke ƙyalli a bakin ƙarfen. Ya durƙusa da ƙyar. Can ciki, bayan kwalayen safar hannu, ga sabon faranti. Ramuka shida kawai aka cika, an liƙe murafan da man giris yadda ake yi a da. Ba suna a kai, sai kwanan watan Asabar, da rubutun da ya yi rawa.

"Ka je ka same shi a ofis, Kawu. Kada a yi a gaban yara."

"A gaban yara aka yi wa yarinyar."

Na rufe ƙofar ɗakin sanyi, muka fita.

*

Ran Juma'a da ƙarfe goma Madam Pereira ta tara mu a ɗakin shayi. Selvam na jingine da firji. Ɗalibai sun cika bakin ƙofa. Thazin na zaune a kujerar kusa da taga da jakarta a cinya, ta riga ta kwashe kayanta. Farfesa Teoh ne ya shigo ƙarshe, hannunsa na dama a aljihu.

Kawu ya shimfiɗa shafin tabarmar, ya ajiye ambulan. Farantin kuwa ya bar shi a sanyi, hotonsa kawai ya nuna a wayarsa. Ya yi bayanin ƙafar Thazin, ya yi na ƙafar Selvam, bai ambaci miya ba.

"Na ukun ba ɓarna ta kawo shi ba," in ji shi. "Ya shiga ya kalli abin, ya fita. Ya dawo da kayan aikin da ya sani. Ya ga guda ɗaya ne, ya ji tsoron kada ya lalace a hanya, ya so ya mayar da shi shida. Ya buɗe murfin. Me ya faru a nan, tabarma ba ta gaya mini ba. Gashin dai ya karye, ɗigon kuma ya daɗe a buɗe. Ya fita neman abin da zai cece shi, ya dawo ya tarar ya bushe. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Iyakar abin da na karanta ke nan. Suna ba ya cikin sawu."

Selvam ya karɓi ambulan ya leƙa. Na ga lokacin da ya gane. Ya buɗe baki zai yi wasa, ya rufe, ya ajiye shi.

Madam Pereira ta dubi agogo. "Kawu, labari ne mai kyau. Amma in ba suna, takarda tana nan yadda take."

Thazin ta gyara jakarta a cinya.

"Kwana goma," in ji Farfesa, idonsa kan tebur. "Irin yakan ɗauki kwana goma, wani lokaci sha huɗu. A ɗaga maganar zuwa ƙarshen wata, Madam. In suka fito, ba wanda ya yi asarar komai."

"Farfesa, ya aka yi ka san kwanakin?" in ji Madam Pereira.

Ya ci gaba da kallon tebur.

"In ba su fito ba fa?" Thazin ce ta yi tambayar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ran Litinin ka wuce ni a baranda, Farfesa. Na gaishe ka, ka amsa."

Sai ya fitar da hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur. Yana kaɗawa shi kaɗai, zoben aurensa na buga katako. Ɗaliban da ke bakin ƙofa suka sunkuyar da kai.

"Shekara biyu ke nan," in ji shi. "Matata ce kaɗai ta sani. Na ɗauka na minti ɗaya zai yi mini biyayya. Sau dubu na yi wannan aikin." Ya danne hannun da ɗayan. "Na gan shi a madubi kafin in taɓa. Ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ni na ce mata ta kawo lu'ulu'u, ta kawo, ba ta nan. Na ce ba zan bar sunanta ya rataya a kan ƙwaya ɗaya ba. Gashin ya shiga ya farfasa shi. Na ja layi shida da abin da ya rage. Kullum da safe sai na aika zuciyata ɗakin nan, amma ƙafata ta ƙi zuwa. Na ce in suka tsiro sai in faɗa, in faɗa da wani abu a hannuna."

"Na duba su ɗazu," in ji Selvam a hankali. "Kawu ya nuna mini. Ruwa ne garau, Farfesa. Har yanzu dai."

Farfesa ya gyaɗa kai. Madam Pereira ta jawo takardar da ke gabanta ta kife ta. Kawu Lanting ya zaro katin Thazin daga aljihun rigarsa ya ajiye wa yarinyar kusa da hannunta, ya koma ya tsaya jikin bango. Ba ta ɗauka ba.

Farfesa ya miƙe, ya zagayo teburin yana dafa kujeru, ya tsaya a gaban Thazin. Ya yi magana da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji.

"Thazin, ni na fasa shi. Na ji ana kiranki maƙetaciya kwana biyar, na rufe ƙofar ofishina. Tuyen ba ta nan da zan gaya mata nata. Ke kina nan. Na cuce ki, ki yafe mini."